Injin da Ya Ƙi Zama

Ni dai tun ranar da aka sauke injin nan a ƙofar gidanmu ban ƙaunace shi ba. Zarto ne mai inji, na yankan itace, En'e, hukumar gargajiya, ta saya wa ma'aikatan gandun daji bayan samun 'yancin kai da kaɗan, kuma a duk ƙasar Tambuwal ba a taɓa ganin irinsa ba. Ƙanena Ɗangiwa aka damƙa wa shi, don shi aka tura Sakkwato ya koyo yadda ake sarrafa shi. A siton En'e ya kamata abin ya riƙa kwana, amma Ɗangiwa ya ce rufin siton yana yoyo. Ko da rani ma sai ya ce yana yoyo. A ɗakinsa injin yake kwana kamar wani baƙo mai daraja, ni kuwa da na dawo gidan bayan rasuwar mijina sai da na gaji da roƙo kafin ya gyara mini ƙyauren ɗaki.

Sunana Tambaya, ni ce babba a ɗakinmu, kuma ni na goya Ɗangiwa, saboda haka ina da ikon faɗin halinsa. Mutum ne marar surutu, marar abokai da yawa, wanda bai taɓa yin fice a komai ba sai da injin nan ya zo. Daga nan ya zama abin nunawa. In kuka ta faɗi ta tare hanyar Dogon Daji, shi ake kira, yara su bi shi duu, manya su tsaya nesa suna salati. Ni kuwa abin da na samu shi ne warin fetur a cikin komai, har furar da nake sayarwa a ƙofar gida sai da wani ya ce yana jin sa a ciki. Kullum da safe kafin ya fita sai ya tayar da shi a tsakar gida, ya karkata kai yana saurare, ya ɗan juya wata ƙusa, ya sake saurare. Kaji su watse, akuya ta tsinke igiya, shi ko a jikinsa.

A bazarar shekarar da sanƙarau ya shigo garin, Ɗangiwa yana cikin waɗanda ya kama. Gidaje da yawa a unguwarmu sun yi rashi. Mun fid da rai da shi, wuyansa ya sandare, bai san wanda ke kansa ba. Matarsa Atu, 'yar mutanen Jabo, ita ta zauna da shi a rumfar da aka keɓe marasa lafiya a bayan gari, ta ƙi dawowa ko da aka ce za ta ɗauka. Allah ya tashe shi. Muna murna, muna karɓar barka, ashe ciwon ya tafi da kunnuwansa.

Ni na fara ganewa. Na yi masa magana daga baya bai juyo ba, na ɗaga murya bai juyo ba, na saki kwanon sha a ƙasa da gangan, Atu ta zabura, shi yana nan yana kallon bango. Kunnen dama ya mutu murus. Na hagu da ɗan saura: in ka kai baki kusa ka yi ihu yana tsintar wani abu, kuma ƙara mai tsanani tana shiga. Ba wanda ya ce komai a gidan. Shi bai faɗa ba, mu ba mu faɗa ba, muka koyi tsayawa a gabansa in za mu yi magana don ya ga bakinmu.

A waje kuwa gaisuwa ce ta rufa masa asiri. Gaisuwarmu ai a jere take, kowa ya san abin da ke biye da wani. Sai ya riga mutum sallama, sa'an nan ya shiga jero amsa, lafiya lau, da godiya, sai alheri, yana tafiya yana ɗaga hannu. A wurin aikinsu kuma dama da hannu ake magana saboda ƙara. Sau ɗaya abin ya kusa ɓaci, da wani ya gaya masa cewa shi mutumin ya yi rashin ƙanwarsa, shi kuwa ya ce madalla. Na yi wuf daga wurin furata na ce zazzaɓin ne bai gama sakin kansa ba. Mutumin ya yi masa addu'a ya wuce, ni na koma na zauna.

Ana nan sai Na'iya ya zo, abokin aikin Ɗangiwa mai jan igiya in za a kayar da itace. Ya ce malamin daji, Malam Maccido, ya sa a faɗa masa an ba su aikin sare kurmin bakin rafi a ƙasar Kebbe, saboda ƙudan tsando ya addabi shanun mutane, kuma dole a gama kafin ruwa ya sauka hanya ta yanke. Malamin zai zo da kansa ranar kasuwa ya ga injin yana aiki. In ba shi da lafiya, Sakkwato za a mai da shi, abin da ya tafi Sakkwato kuwa ba kasafai yake dawowa hannun da ya bari ba. Ni na karɓi saƙon, na ce mai gidan yana hutawa, daga baya na zuba masa shi a kunnen hagu.

A ranar ya fito da injin tsakar gida, karo na farko tun kwanciyarsa. Ya zuba mai, ya ja igiya har gumi ya karyo masa, can dai injin ya tashi. Amma ba tashin da muka sani ba ne. Masu inji suna da abin da suke kira silo, wato in ka ɗauke yatsa daga wurin ba shi wuta, ya koma ya zauna yana gunaguni a hankali, bai mutu ba, sarƙar kuma ba ta motsi. A nan ake gane lafiyarsa. Wannan kuwa ya ƙi zama. Sai ya hau da kansa, ba wanda ya taɓa shi, har sarƙar ta fara gudu, sa'an nan ya sauko yana tari, ya yi kamar zai daidaita, ya sake haurawa, ya mutu. Zarton da sarƙarsa ke gudu ba a sa ta ba, ƙafar mutum zai ci wata rana.

Ɗangiwa ya ga sarƙar da ido, ya ji karkarwar a hannunsa, ya san akwai matsala. Sai dai gyaran silo da kunne ake yi. Akwai 'yan ƙananan ƙusoshi a gefen abin da suke kira kafireto, maƙogwaron injin ke nan, inda iska da mai suke haɗuwa. Kowace ka juya ta faɗin farce sai muryar injin ta sake, kai kuma ka bi muryar har ka kai inda ta yi daidai. Ya ɗauki sukudireba, ya karkata kai kamar yadda ya saba, ya daɗe a haka. Sa'an nan ya ajiye ta a ƙasa ya zauna a kan turmi. Ban taɓa jin tausayin ɗan Adam kamar yadda na ji nasa a lokacin ba, ni da ba na son injin.

Atu tana bakin murhu tana tankaɗe. Mace ce da za ka yini da ita ba ka ji kalma goma ba, har nakan ce mata ko kuɗi ake biya kafin a yi magana a Jabo. Ta kakkaɓe faifanta, ta zo ta tsaya a gabansa, ta nuna injin, ta nuna kunnenta. Shekaru tana jin wannan abu kowace safiya tana dama koko, ashe ya zauna mata a kai. Ya dube ta kamar zai yi faɗa, sai ya tashi ya ja igiya. In murya ta hau, ta ɗaga faifan sama. In ta sauka, ta yi ƙasa da shi. In ta zo daidai, ta riƙe shi a kwance. Haka suka fara, ni kuma aka ba ni gadin zaure kada wani ya faɗo ya ga mace tana koya wa Ɗangiwa inji.

Kwanakin da suka biyo baya ba mu huta ba. Ya kwance fulogi, ya kankare baƙin da ya taru a bakinsa, ya mayar. Ya ciro matacin iska ya wanke shi da fetur ya shanya a kan danga. Ya ce wataƙila man ne ya kwana ya lalace, ya juye shi, ya haɗa sabo, ya tace da kallabin Atu, wanda ta saya da sallah. Ya zare siririn tiyon mai ya hura shi yana duban ko ya tsage. Bayan kowane gyara sai a koma kan ƙusoshin nan. Faifai ya hau, faifai ya sauka, faifai ya kwanta, ya saki fuska, kafin ya gama goge hannu injin ya sake haukacewa. Maƙwabta suka fara aiko da tambaya ko lafiya, na ce a gaya musu aikin gwamnati ne, mai ƙorafi ya tafi Kaduna.

Da abin ya ishe shi sai ya huce a kan Atu. Ta kwantar da faifai, ya ɗauke hannu, injin ya zabura. Ya yi jifa da sukudireba, ya ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Kin ce ya yi, ga shi bai yi ba. Ashe ke ma kurma ta."

Ranar aka fara ambaton kalmar a gidan, kuma daga bakinsa ta fito. Shi ma ya gane abin da ya faɗa. Na taso zan wanke shi tas, Atu ta girgiza mini kai. Ta je ta ɗauko sukudirebar, ta goge ta da gefen zane, ta ajiye masa a kan turmi, ta shiga ɗaki.

Na bi ta. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, na ga in ban faɗa ba za ta kashe ni. Itace ba ya faɗuwa sai ya yi ƙara tukuna, masu jan igiya kuma su yi kururuwa, mai zarto ya kauce. Ko da kunne biyu an sha ɗauko mutane daga daji a kan makara.

"Ke Atu, kin san mi kika yi kuwa?" na ce. "In injin ga ya gyaru, kurmin Kebbe za shi. Icce ya taho mai bisa kai, wa za shi gaya mai?"

Ta ce, "Na sani, Yaya. Kullum nika tunanin haka. Amma tun da yat tashi daga ciwon ga, ban ga ya cinye tuwonai ba sai ranar da yat taɓa injin. Mi kika so in yi?"

Ni kaina in na yi salla sai in rasa abin da zan roƙa, ya gyaru ko kada ya gyaru. Na fita ina faɗa da kaji don in samu wanda zan yi wa.

Washegari ita ta fito da faifanta ba a kira ta ba. Suna cikin yi sai na ga ta sauke shi, ta matso tana kallon hannunsa. Ta sa ya ɗauke hannu, ya mayar, ya sake ɗaukewa. Sa'an nan ta kai baki kunnensa na hagu.

"Ba ƙusar ba ta. In ka aza hannu nan ka danne, shina natsuwa. In ka ɗauke, shi haukace."

Ashe duk lokacin da zai juya ƙusa, yakan dafa kafireton da hannun hagu don sukudireba ta zauna, shi ya sa kullum sai ya gama ya saki sa'an nan abin ya dawo. Ɗangiwa ya ɗebo baƙin mai a yatsa ya ɗiga a mahaɗar da ke tsakanin kafireton da jikin injin. Nan take murya ta kwanta, faifai ya kwanta, da man ya tsotse ta sake tashi. Iska ce take sata ta wurin, tana shiga inda ba a gayyace ta ba.

Da ya kwance sai ga mai laifin. A mahaɗar akwai wani ɗan faifai da ake sawa don ya toshe iska, gaskit suke ce masa. Na ainihin ya yage tun bara, an rubuta Sakkwato a aiko da wani, shiru. Shi ne Ɗangiwa ya je wurin Lauwali baduku ya yanka masa irinsa da jar fatar akuya, wadda muke taƙama ba ta da na biyu a duniya, ya jiƙa ta da mai ya sa. Ta kuwa yi aiki, muddin injin yana aiki kullum tana shan mai. Da ya kwanta ciwo, ta yini ta kwana cikin zafin bazara ba ɗigon komai, ta bushe ta ƙanƙance ta tsattsage kamar ganda. Ya ɗaga ta yana kallo, sai ya yi dariya, dariyar farko tun tashinsa. Ya karɓi kwalin sukarina, ya zana, ya yanka da aska, ya shafe shi da mai, ya ɗaure.

Wannan karon da faifai ya kwanta bai sake tashi ba. Ɗangiwa ya ɗauke hannu, ya ja da baya, idonsa a kan fuskar Atu, ita kuma tana riƙe da faifan nan a kwance har hannunta ya gaji. Ko ni da ba na ƙaunarsa na san muryarsa ta dā ce ta dawo. A daren ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Ni ce na kasa ci.

Ranar kasuwa Malam Maccido ya zo a kan kekensa, da Na'iya da sauran ma'aikata, 'yan kallo kuma suka taru a gindin dogon yaron ƙofar gida. Ina zaune a bayan ƙwaryar furata, Atu tana cikin zaure ta bayan asabari. Gaisuwa ta tafi lafiya, Ɗangiwa ya jero amsoshinsa ba tuntuɓe. Ya ja igiya, injin ya tashi, ya ba shi wuta ya ratsa wani gungumen ƙirya da aka ajiye, ya ɗauke yatsa, ya ajiye shi a ƙasa. Injin ya zauna daram yana gunaguninsa, sarƙa ko motsi.

Da Ɗangiwa ya ci gaba da tsayawa kusa da shi, da an tashi lafiya. Amma mu ba a yi mana tarbiyyar tsayawa ƙerere a gaban babba ba. Ya tako ya zo gaban malamin daji, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, injin yana bayansa. Ba ya ganin injin, ba ya ganin bakin mai magana. Malam Maccido ya ji daɗi, yana cewa ai ko ranar da aka kawo shi bai fi haka ba, ya miƙa hannu yana nuna shi yana tambayar me aka yi masa. Ɗangiwa ya hangi hannun ta wutsiyar ido, ya ga ƙafafun mutane duk sun juya wajen injin. Kwanaki yana fama da abin da ke mutuwa da zarar ya juya baya, me kake tsammani zai zo masa a rai?

"Ranka shi daɗe, a yi man haƙuri," ya ce da ƙarfi. "Ya mutu kuma. Walle jiya lafiya lau yak kwana. Bari in tada shi."

Injin yana nan yana bugawa a bayansa, kowa yana ji. Ba wanda ya yi dariya, na gode wa mutanen unguwarmu da wannan har gobe. Malam Maccido ya kira sunansa. Ya sake kira da ƙarfi. Ɗangiwa ya riga ya miƙe ya juya, hannunsa ya nufi igiya, sai ya ga hayaƙi yana fita a hankali, ya ga ƙasa tana rawa a ƙarƙashin injin. Ya tsaya a sunkuye, hannu a miƙe, ya kasa gaba ya kasa baya.

Malamin daji ba mugu ba ne. Shi ya je ya kashe injin da kansa, ya sallami 'yan kallo, sa'an nan ya zo wurina ya tambaye ni tun yaushe. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce ba zai iya kai mutumin da ba ya ji cikin kurmi ba, in wani abu ya faru da wane ido zai dube mu, amma akwai gurbi a lambun da ake renon dashe, ban ruwa ne kawai, zai sa sunansa. Duk abin da ya faɗa daidai ne, shi na faɗa wa Atu da bakina. Amma da na ji shi a bakin wani sai na ji kamar in juye masa ƙwaryar furar nan a ka.

Ba sai da aka yi wa Ɗangiwa bayani ba. Ya ɗauki injin ya miƙa wa Na'iya, ya haɗa masa da sukudireba da ragowar kwalin sukari. Ya ce masa kada ya yarda ya sa fata a mahaɗar, kuma in silo ya fara wasa kada ya hau juya ƙusoshi, ya fara neman inda iska ke shiga. Na'iya yana ta cewa to, to, hawaye yana bin gemunsa, ya manta ba a jin sa. Ɗangiwa ya shige gida.

Na kwashe kayana na bi shi. Na same shi zaune a inuwar rumbu, hannuwansa a kan gwiwa, baƙin mai duk ya cika farcen. Atu tana tsaye nesa kaɗan. Ya ɗago ya dube ta.

"Injin ya zauna?"

Ta gyaɗa kai.

"Har an ka kashe shi bai yi wasa ba?"

Ta sake gyaɗa kai.

"To yaya shika kuka?"

Ta dube ni, ni ma ban san ta inda ake faɗa wa kurma murya ba. Sai Atu, wadda tun aurensu ban taɓa ganin ta zauna tabarma ɗaya da shi a gabana ba, ta zo ta durƙusa, ta kama hannunsa ta buɗe tafin, ta shiga buga masa da ɗan yatsa, a hankali, a jere, ba sauri ba tsayawa. Ya rufe ido ya karkata kai.

"Haka na," ya ce. "Haka shika yi sa'ad da yaz zo sabo. Kak ki bari tukuna."

Na ɗauki ƙwaryata na shiga ɗaki, na bar ta tana buga masa.